Gyara Kayanka: Yunwa da zafi ke kashe batir

Na ga sharhinku a kan maganar tukunyar gas da muka yi a makon jiya, na gode ƙwarai. Yau a kan batir za mu tattauna, na mota da na inbata, kuma ƙanwata ce ta jawo maganar.

Ƙanwar tawa tana sana'ar zoɓo da kunun aya a gida. Bara ta kwashi adashe, maigidanta ya cika mata, ta sayi inbata da manyan batura biyu masu 200Ah kowanne, don kayanta su daina lalacewa a firiza cikin dare. Watannin farko abin gwanin sha'awa. Amma kafin shekara ta zagayo, baturan da ke kai su asuba suka koma ba sa wuce ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ta kira ni rai a ɓace, ta ce, "Yaya, an cuce ni, jabu aka sayar mini."

Na je na duba. Baturan ba jabu ba ne. A wani sito mara taga aka ajiye su, inda rana ke dukan bango tun hantsi har la'asar. Kullum ana jan wuta har sai inbata ta yi kuka ta mutu don kanta. Wutar unguwarsu kuma ba ta wuce awa uku zuwa huɗu a yini. Wato tun ranar da aka kawo baturan nan, da wuya in sun taɓa ƙoshi ko sau ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikin batir

Irin batir ɗin da muka fi amfani da shi, mai dalma da ruwan asid, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai canza ba. Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna shida a ciki, kowanne da farantan dalma a jiƙe cikin asid. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani abu kamar gishiri yakan taru a jikin farantan, ana ce masa salfet. Idan aka yi caji nan da nan har ya cika, gishirin sai ya narke ya koma cikin ruwan. Idan kuwa aka bar batir kwana da kwanaki bai cika ba, sai gishirin ya daskare. Uwargida ta san ƙanzo: tukunyar da aka jiƙa da an gama tuwo ba ta ba da wahala, wadda aka bari ta kwana biyu kuwa sai an kankara. Bambancin kawai shi ne, ƙanzon batir ba ya kankaruwa. Duk wurin da ya daskare ya tashi daga aiki ke nan.

Ga lissafin da na yi wa ƙanwata a bayan kwali. Batir mai 200Ah, idan aka sha rabinsa, an cire 100Ah. Cajar da ke ba da amfiya 20 tana bukatar awa biyar kafin ta mayar da mafi yawan wannan, sannan a ƙara awa biyu zuwa uku na cikon ƙarshe, domin batir ba ya karɓar wuta da sauri idan ya kusa cika. Awa bakwai zuwa takwas ke nan. To, ina wanda NEPA ke ba awa uku, kuma ba rabi yake sha ba, har ƙasa yake kwankwaɗewa? Bashi ne ake ci kullum, ba a biya.

Sai kuma zafi. Masu ƙera batir suna auna ƙarkonsa ne a ma'aunin zafi 25, kuma ƙa'idar da suka sani ita ce, duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 yakan rage rabin kwanan batir. Mu kuwa a Kano, Sakkwato da Maiduguri, a watan Afrilu zafi yakan haura 40 a inuwa ma, balle a ɗaki mai rufin kwano.

Na mota daban, na inbata daban

Kada kamanninsu ya ruɗe ku. Batir ɗin mota farantansa sirara ne masu yawa, an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, daga nan altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe. Na inbata da na sola farantansa masu kauri ne, don a riƙa jan wuta a hankali na tsawon awanni. Wanda ya ɗaura batir ɗin mota a inbata don ya fi araha, cikin 'yan watanni zai koma kasuwa. Ko na inbatar ma, idan mai dalma ne, masu ƙera shi suna ba da shawarar kada a riƙa wuce rabinsa.

Ita ma motar gida tana fama da tata yunwar. Motar da aikinta kai yara makaranta da zuwa cefane, tafiyar minti goma da AC a kunne, ba ta ba altaneta lokacin cika batir. Haka wadda aka ajiye wata guda an tafi aikin Hajji: agogo, rediyo da na'urar tsaro suna ta tsotsa a hankali, ga shi batir yana zubar da cajinsa da kansa, musamman a lokacin zafi. Alhaji ya dawo, a maimakon zaga dangi sai neman masu turi.

Me caja mai ƙwaƙwalwa take yi?

Tsohuwar caja irin ta shagon mai cajin batir tura wuta kawai ta sani, ba ta tsayawa sai an cire ta. In an manta, batir ya yi ta tafasa, ruwansa ya ƙone, farantai su lalace. Caja mai ƙwaƙwalwa, wadda 'yan kasuwa ke ce wa simat caja, tana auna batir ne tana canza taku, kamar mai cika jarka a famfo. Da farko takan buɗe wuta sosai har batir ya kai kusan kashi 80 cikin 100. Daga nan sai ta tsaya a wajen bolt 14.4, tana rage gudun wutar a hankali har ya cika maƙil. Wannan mataki na biyu shi ne ke narkar da ƙanzon nan, kuma shi ne batura da yawa ba sa samu. A ƙarshe sai ta sauko wajen bolt 13.5, tana ɗiga masa kaɗan-kaɗan don kada ya sauka. Shi ya sa za a iya barin ta a jikin motar da aka ajiye ba tare da fargaba ba.

Kafin ku saya, ku duba abu huɗu. Na ɗaya, bolt ɗinta ya dace da batir ɗinku, 12 ko 24. Na biyu, ƙarfinta ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na girman batir: amfiya 5 zuwa 7 ga motar gida mai 60Ah, amfiya 20 ga na inbata mai 200Ah. Ƙaramar cajar babur ba za ta ƙosar da babban batir ba. Na uku, tana da wurin zaɓar nau'in batir, domin mai ruwa irin tubula, da jel, da AGM, kowanne da cajin da ya dace da shi. Na huɗu, in da hali, a samu mai auna zafi, wadda ke rage ƙarfin caji idan gari ya ɗau zafi. Akwai sanannun kamfanoni kamar CTEK, NOCO da Victron, akwai kuma masu sauƙin kuɗi da ke aiki. A dai sayi kaya inda za a iya mayarwa, domin araha ba ta ado.

Masu batir ɗin litiyom, ku kula. Shi ba ya yin ƙanzo, yana jure a sha shi sosai, amma cajarsa daban ce. Kada a sa masa cajar da ba ta da zaɓin litiyom, kuma kada a taɓa danna masa maɓallin gyara ko farfaɗowa.

Wani abin kuma, yawancin inbatocin zamani da kwantirolar sola suna da irin wannan ƙwaƙwalwa a cikinsu. Sau da yawa matsalar ita ce wanda ya haɗa muku bai saita nau'in batir da ƙarfin caji daidai ba. Ku sa a duba wannan tukuna kafin ku kashe kuɗi.

Yadda ake jona ta

A yi caji a wuri mai iska, domin batir yana fitar da iskar gas mai kamawa da wuta. Ba sigari, ba ashana, ba kusa da murhu ba. A fara maƙala jan baki a kan batir mai alamar +, sannan baƙin a kan mai alamar −, ko a jikin ƙarfen mota idan batir ɗin yana cikinta. Sai daga ƙarshe a jona caja a soket. Wajen cirewa a fara kashe soket. A cire zobe da agogon ƙarfe, a kuma kori yara daga wurin. Idan batura biyu ne a jere a inbata mai bolt 24, cajarku kuma ta bolt 12 ce, sai a kashe inbata, a raba su, a yi wa kowanne shi kaɗai.

Batir mai ruwa a duba shi duk wata. Idan ruwan ya sauka, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ya rufe farantan. Ban da ruwan rijiya, ban da fiya wata, ban da ƙarin asid. Farin gari ko koren da ke taruwa a kan batir a goge shi da ruwan bakar hoda, a busar, a shafa ɗan man Vaseline. Asid in ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, na ido kuma a garzaya asibiti.

Ku mallaki ƙaramar mita, ba ta da tsada. A auna batir bayan ya huta wasu awanni ba caji ba aiki. Idan ya nuna 12.6 ko 12.7, ya cika. 12.2 rabi ne. Ƙasa da 12 kuwa, a yi masa caji a ranar, kada ya kwana.

Abin da ba za ta iya ba

Caja mai ƙwaƙwalwa ba ta tayar da matacce. Maɓallin gyaran da ke jikin wasunsu yakan taimaki batir ɗin da ƙanzonsa bai daɗe ba. Amma wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko yake komawa wajen bolt 10.5 bayan an gama caji, ya gama yawo, kada ma a jona shi. Kuma caja ba ta ƙirƙirar wuta. In wutar ba ta isa ba, dole a rage kaya, ko a ƙara farantan sola, ko a ware rana ɗaya a mako a kunna janareta har batir ya cika sosai.

Mataccen batir kuma kada a bar shi a tsakar gida, kada a bari yara su fasa shi don neman dalma. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Ta wajen haƙar zinare waccan ta fito, amma gubar ɗaya ce. A mayar da shi wurin dillalin batir a yi musanye.

Ƙanwata dai batir ɗaya ya ɗan farfaɗo, ɗayan bai tashi ba. Na hana ta haɗa sabo da tsoho, don tsohon zai ja sabon ƙasa. Yanzu tana tara kuɗin wasu, ta sa an fasa taga a siton, kuma ta koma kunna firiza da rana, da dare ta bar ta a rufe da ƙanƙararta.

Ku fa, shekara nawa batir ɗinku ya yi, kuma yaya kuke kula da shi? Ku rubuto a ƙasa mu ƙaru da juna. Masu riwaya da masu haɗa sola da ke cikinmu, in na yi tuntuɓe ku gyara mini. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.