Kafin Mu Kira Baƙi Su Zo Kallon Birnin Zazzau

Duk lokacin da aka tayar da zancen samar wa matasa aikin yi, sai mu ji manya suna ambaton yawon buɗe ido. Suna cewa Zariya tana da abin nunawa, kuma gaskiyarsu ne. Ga fadar Mai Martaba, ga tsohon masallacin Juma'a, ga hawan Sallah, ga masu ɗinkin hannu da dukawa. Amma mu a ganinmu an soma zancen daga tsakiya. Kafin a tambaya yadda za a yi baƙi su yawaita, ya kamata a tambaya wa zai kula da abin da za su zo gani, da kuma inda kuɗinsu zai shiga.

Bari mu ɗauki ganuwa, wadda ake danganta gininta da Sarauniya Amina. Ta kewaye birni da tsawon kimanin kilomita 15. Ƙofofinta kowa ya san sunayensu: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Jatau da sauransu. To, ɗalibin da ya sauka a Ƙofar Doka ya ce zai bi ganuwar da ƙafa, me zai gani? A wani wuri tudun jar ƙasa, a wani wuri gida ya hau kanta, a wani wuri kuwa sai rami, gama an ɗebe ƙasar an yi gini da ita. Ba ma saurin zagin waɗanda suka ɗiba. Mutumin da iyalinsa suka yi yawa, ɗaki ya yi masa kaɗan, ba zai ga tarihi a jikin tudun da babu mai kula da shi ba. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, amma doka ba ta yaɓe.

Nan ne gizo yake saƙa. Ginin ƙasa ba irin na dutse ba ne da za a gama a juya baya. Magina suna jera tubali, su yi rufi da azara, su shafe bango da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, ko kuwa da laso wanda ake haɗawa da katsin marina. Duk damina sai ta ci rabonta, duk rani kuma sai an mayar. Idan aka yi shekara biyar ba a taɓa bango ba, ruwa zai sami hanya, sauran labarin kuwa an san shi. Saboda haka abin tarihin da ya fi bangon kansa daraja shi ne hannun da ya iya gyara shi. Yaro nawa ne yau yake bin magini yana koyo? Yawancinsu sun koma bulo da siminti, kuma ba laifinsu ba ne, can ne abinci yake.

Masallacin Juma'a ya isa misali. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, kuma masana gine-gine na duniya suna yabon bakan gizonsa har wa yau. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti ya rufe tsohon a cikinsa. Wanda yake son ya ga kamanninsa na waje kamar yadda yake a da, sai ya tafi Jos, inda aka yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Abin ya ɗan ba da kunya, a ce Bazazzagi sai ya hau mota zuwa Filato kafin ya ga aikin kakansa.

A garin Jenne na ƙasar Mali akwai babban masallacin ƙasa wanda aka sake ginawa a 1907. Kowace shekara mutanen garin suna fitowa rana guda su yaɓe shi, mata da ruwa, samari da kwandunan laka, magina a sama. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, baƙi suka yi ta zuwa. Da rikici ya ɓarke a Mali a 2012 baƙin suka ɗauke ƙafa, amma yaɓen bai tsaya ba, domin tun asali ba don baƙi ake yi ba. Mu ma mun san yadda labarin rashin tsaro yake hana mutum tafiya. Wanda ya jingina gyaran ganuwa ga kuɗin Bature, ranar da Bature bai zo ba ganuwa ta zama marainiya.

Wannan ba ya nufin a ƙi kuɗin baƙo. A karɓa, amma a san inda ya nufa. Muna ba da shawara a sa ɗan kuɗin shiga mai rasit, a ajiye kaso mai tsoka a hannun kwamitin unguwa da masarauta, a riƙa biyan magina da shi kafin ruwan farko. Masu yi wa baƙi jagora su zama 'ya'yan unguwar, waɗanda aka koya musu tarihi sosai, ba masu ƙirƙiro labari don a ƙara musu naira ba. Baƙo ya sayi babbar riga mai aska takwas daga hannun wanda ya ɗinka ta. Idan maƙwabcin ganuwa ya ga tana kawo masa ko da kuɗin makarantar yaro ɗaya, shi da kansa zai kori mai ɗibar ƙasa.

Har wa yau, birni ba gidan kallo ba ne, gidajen mutane ne. Bayan zauren nan mai ado akwai matan aure da tsofaffi. Ba daidai ba ne a cika mota da baƙi a sauke su a ƙofar gida suna ɗaukar hoto ba sallama. Ɗalibanmu da suke zuwa ziyara su fara neman izini, su sa tufafin mutunci, kada su je masallaci lokacin salla, inda aka ce a tsaya kuma su tsaya.

Kada wani a cikinmu ya ce wannan sha'anin mutanen birni ne kaɗai. Likita Miller ya zauna a cikin birnin tun 1905 kafin mishan ta koma Wusasa, kuma majami'ar St. Bartholomew da aka gina can a 1929 da ƙasa aka yi ta, bisa fasahar magina Hausawa. Ruwan da yake cin ganuwa shi ne yake cin bangonta, magini ɗaya ne kuma zai gyara su duka. Muna roƙon ƙungiyar tarihi ta makaranta, a zangon karatu mai zuwa, ta gayyato magini dattijo ya nuna wa 'yan aji huɗu yadda ake murza tubali da dafa makuba, a biya shi ladan yininsa cikakke, a kuma rubuta abin da ya faɗa a ajiye a laburare.