Ma'aunin Adalci Wajen Kwatanta Makarantu: Darasi Daga Birnin Boston

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wani nau'in makarantun gwamnati da ake kira makarantun yarjejeniya. Gwamnati ce ke ba su kuɗi gwargwadon yawan ɗalibansu, iyaye ba sa biyan ko sisi, amma gudanarwarsu tana hannun kwamiti mai zaman kansa wanda ya sa hannu a kan yarjejeniya ta wasu shekaru, galibi biyar. Idan makaranta ta kasa cika alkawuran da ta ɗauka, hukuma na da ikon rufe ta. Jihar Minesota ce ta fara kafa dokar irin waɗannan makarantu a shekarar 1991, jihar Massachusetts kuma ta bi sahu a 1993. Da yake rayuwar makarantar yarjejeniya ta dogara ne a kan sakamakon ɗalibanta, hanyar da ake bi wajen auna wannan sakamako ta zama babban abin muhawara. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, jera makarantun gari ɗaya bisa makin jarrabawa kaɗai rashin adalci ne ga malamai da ɗalibai baki ɗaya.

Illar Dogaro da Maki Kaɗai

Manomin da ya yi shuka a fadama da wanda ya yi shuka a kan fako ba a auna ƙwazonsu da yawan dammai. Haka abin yake ga makarantu. Iyayen da suka ɗauki wahalar cike takardar neman gurbi a makarantar yarjejeniya, sau da yawa su ne masu sa ido a kan karatun 'ya'yansu tun daga gida. Saboda haka, idan makarantar ta yi fice a jarrabawa, ba za a iya tantance ko aikin malamai ne ko tarbiyyar gida ba. Bugu da ƙari, makarantar da ɗalibai masu rauni suka fice daga cikinta kafin jarrabawa makinta zai hau, alhali kuwa koyarwarta ba ta ƙaru da komai ba.

Ko alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba su isa hujja a kan wata makaranta ba. Binciken da wata cibiya ta Jami'ar Stanford ta fitar a 2009 ya nuna cewa a fannin lissafi, kashi 17 cikin ɗari na makarantun yarjejeniya ne suka fi takwarorinsu, kashi 37 sun gaza su, sauran kuma babu wani bambanci. A rahoton cibiyar na 2023 ma'auni ya ɗan rinjaya wajen makarantun yarjejeniya. Abin lura a nan shi ne, suna ɗaya ya tattara makarantu nagari da marasa kyau.

Hanyar Ƙuri'a a Boston

Dokar Massachusetts ta tanadi cewa idan masu neman gurbi suka fi kujerun da ke akwai, sai a jefa ƙuri'a. Wannan ne ya ba masana damar yin kwatance mai inganci. A wani bincike da aka fitar a 2009, wanda Joshua Angrist, da ya samu lambar Nobel a 2021, yake cikin waɗanda suka gudanar da shi, an bi sawun yaran Boston da suka ci ƙuri'a da waɗanda suka faɗi. Duka rukunan biyu iyayensu sun nemi gurbi, sa'a ce kawai ta raba su. An gano cewa waɗanda suka shiga makarantun yarjejeniya sun ci gaba ƙwarai, musamman a lissafi. Daga cikin abubuwan da aka danganta nasarar da su akwai tsawaita lokacin karatu, da koyarwa a ƙananan rukunai, da yawan duba aikin malami a aji.

Sai dai wannan hanya ma tana da iyaka. Makarantun da jama'a ke rububin shiga ne kaɗai ke jefa ƙuri'a, don haka waɗanda ba su da farin jini ba su shiga lissafi ba. An kuma yi ƙorafin cewa wasu daga cikinsu ba sa ɗaukar isassun yara masu buƙata ta musamman da masu koyon Turanci, kuma suna yawan dakatar da ɗalibai. Akwai kuma batun kuɗin da ke bin ɗalibi ya bar tsohuwar makarantarsa. A 2016, kimanin kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓe a jihar sun ƙi amincewa da shawarar ƙara yawan waɗannan makarantu, duk da kyawun sakamakonsu.

Kammalawa

Darasin ya shafi duk wanda ke shirin riƙe alli. A jihar Kano, makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa a 1977, suna tace ɗalibansu ta hanyar jarrabawar shiga, don haka bai dace a ɗora sakamakonsu na WAEC a sikeli ɗaya da na makarantar jeka-ka-dawo mai karɓar kowa ba. Kafin malami ya yanke hukunci a kan kowane jadawalin sakamako, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi uku: a wane matsayi ɗaliban suka shigo, nawa ne suka fice kafin jarrabawa, kuma wane ci gaba kowane yaro ya samu cikin shekara? Shi ma a nasa ajin, ya gwada ɗalibansa a farkon zango, ya adana sakamakon, domin da shi ne zai kare aikinsa ranar da mai duba makarantu ya zo.