Bayan sallama daga asibiti, wa ke duba maganin majinyaci?

Ranar da aka sallami majinyaci, dangi kan cika gida da barka da arziki, alhali a ranar ne wani sabon haɗari yake somawa. Dattijo mai hawan jini ya dawo da leda cike da sababbin magunguna, ga kuma tsofaffin da ya bari kafin a kwantar da shi. A asibiti an rubuta masa amlodipine, a gida yana da Norvasc. Magani ɗaya ne, na biyun sunan da kamfani ya sa masa ne kawai. Shi dai kwali biyu ya gani, sai ya riƙa shan duka, har jini ya sauka fiye da kima, jiri ya kayar da shi, a sake kwasarsa zuwa asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da wannan giɓi. A shirin da ta ƙaddamar a 2017 na rage cutarwar magani, ta sa lokacin da majinyaci ke fita daga hannun wani mai kula zuwa wani cikin abubuwa uku mafi buƙatar lura.

Ingila ta ɗauki mataki. Tun watan Fabrairun 2021, asibiti kan tura bayanin magungunan wanda aka sallama kai tsaye zuwa kantin magani na unguwarsu. Masanin harhaɗa magunguna zai duba cikin sa'o'i 72, ya gwada sabon jeri da tsohon, ya ga me aka tsayar, me aka ƙara, me aka rage. Daga nan sai ya tattauna da majinyacin ko mai jinyarsa. Wannan tattaunawar ta fi komai amfani, domin a nan ne mutum yake sakin jiki ya faɗi abin da ya ji nauyin faɗa wa likita, kamar jiƙon da yake haɗawa da ƙwayoyinsa.

A Najeriya kuwa, galibi kemis ɗin bakin layi ake fara zuwa, wanda lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne kawai. Duba jerin maganin mai ciwon suga ko ƙoda aikin ƙwararre ne.

Ba sai an jira tsarin kwamfuta irin na Ingila ba. Manyan asibitocinmu su fara bai wa duk wanda suka sallama takarda ɗaya mai bayyana abin da aka canja masa, su kuma gaya wa mai jinya ya kai ta wurin masanin magunguna a makon farko.