Fim ko Dijital: Kafin Mu Kashe Kuɗin Buga Littafi



Da yawanmu muna ɗaukar hoto don sha'awa, kuma yana taimaka mana wajen tuna yanayin kasuwa, ƙofar gari ko fuskar da za mu siffanta a labari. Kwanan nan yayin kyamarar fim ya dawo, har wasunmu na tara kuɗi su saya. A ganinmu, mu dakata tukuna.

Mu yi lissafi. Naɗi ɗaya na fim mai milimita 35 hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa dala yake bi. Bayan ɗauka sai an wanke shi da sinadarai, alhali yawancin situdiyon da iyayenmu suka sani sun bar wannan aiki. Zafi yana lalata fim, shi ya sa ake ajiye shi a firij, mu kuwa mun san halin wutarmu a watan Afrilu. Kamfanin Kodak ma, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2012. Wanda ke fafutukar buga littafinsa na farko, wayar hannunsa ta ishe shi.

Sai dai fim yana da darasi. Mai hoto 36 kacal ba ya dannawa sai ya duba haske, ya gyara tsayuwa, ya jira. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan hoto dubu, har yau ana baje su a manyan gidajen tarihi. Mu kuwa sai mu ɗauki ɗari biyu a biki ɗaya, ba mu sake duba ko guda. Cutar da ke bin rubutunmu ke nan: babi hamsin a WhatsApp, babu tacewa.

Ga kuma asarar da ta fi ciwo. Hoton auren iyayenmu yana nan cikin albam a ƙasan akwati. Namu fa? A sace waya ko memori ya lalace, hotunan shekara uku sun tafi, har da na kakar da ta rasu.

Don haka mu riƙe wayarmu, mu ari tarbiyyar masu fim. Duk fitar da za mu yi, kada mu wuce 36. Mu zaɓi biyar a wanke mana a kati, mu rubuta rana da wuri a bayansu. Sauran mu ajiye su wuri biyu. Idan littafi ya fito, aljihu ya yi nauyi, kyamarar fim tana nan ba ta gudu ba.

Allah Ya ƙara basira.