Wasan yaƙi na dabara: asarar jiya ta biyo ka yau

Jama'a, duk fadar da kuka leƙa daga Maraɗi har Damagaram, za ku iske matasa kai a sunkuye bisa portabul ana gwabza yaƙi. Wasunsu ma sun fara koyon rubuta manhaja, burinsu su ƙera wasan kansu mai jiragen sararin samaniya da baƙin halittu, mataki bayan mataki. Da su muke magana. A ganinmu abu guda ke raya irin wanga wasa: abin da ka rasa a matakin farko ya biyo ka har na ƙarshe.

Ku dubi Homeworld, wanda kamfanin Relic na Kanada ya fitar a 1999. Labarin wata al'umma ne da ta baro duniyar hamada tana neman gidanta na asali, cikin matakai 16. Jiragen da suka tsira a yaƙin yau, da su za ka shiga na gobe. In ka yi wasarere ka zubar da rabinsu a mataki na uku, za ka ji jiki a na bakwai. Shi ya sa mai wasa ke tattalin kowane jirgi kamar dabbar turke.

Haka wasan X-COM na Julian Gollop, na 1994, inda mutane ke kare duniya daga baƙin sama. Hawa biyu gare shi: a taswirar duniya kana kasafin kuɗi da bincike da gina sansani, a fagen fama kuma kana tafiyar da sojoji ɗaya bayan ɗaya. Sojan da ya faɗi ya tafi ke nan, shi da ƙwarewar da ya tara. Kuskuren kasafi na watan jiya shi ke kashe maka mutane yau.

Wannan ba baƙon tunani ba ne gare mu. Darar da tsofaffi ke bugawa ƙarƙashin bedi, gurbi 30 gare ta, kowa da ƴaƴa 12, kuma mataki biyu ce: a fara jera ƴaƴa, sannan a shiga turawa ana neman uku a layi don a ci na abokin karawa. Wanda ya jera da ganganci tun farko ya ci kansa.

Wani zai ce ai StarCraft na 1998 bai bi wanga tsari ba, galibin matakansa daga tushe ake sake gini, kuma ya yi suna har ya zama sana'a a Koriya ta Kudu. Gaskiya ne, amma ƙarfinsa na wajen daidaita rundunoni uku da karawar mutum da mutum, aikin da ke son babban kamfani da gwaji mai tsawo. Matashi mai kwamfuta guda, da kuran mai zuwa yana komawa, gara ya kama abin da zai iya.

Wani kuma zai ce in asara ta taru, mai wasa zai maƙale ya jefar. Nan ne aikin mai tsarawa: ya ba da hanyar ja da baya, ya nuna alamar haɗari kafin ya auku, ya bar kafar farfaɗowa ko da a hankali. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayar da farfaɗowar. Wasannin da ke cewa ka sa jika biyu rundunarka ta dawo, aljihu suke aunawa, kuma kuɗin cefane ne ke tafiya.

Saboda haka, ƴan uwa masu wanga buri, kafin ku taɓa kwamfuta ku zana matakai uku bisa takarda, ku gwada da duwatsu a fada. In asarar farko ba ta sa abokinku ya yi shiru yana lissafi a mataki na uku ba, ku sake zane.