Ba Duk Ƙuraje Ne Ƙyanda Ba: A Riƙa Adana Kwalin Magani



A yankin Kura da Bunkure, ruwan madatsar Tiga ya kawo albarkar shinkafa, alkama da tumatir har da rani. Amma inda ruwa ke kwanciya sauro ba ya ƙarewa. Shi ya sa zazzaɓi ya yawaita, shan magani ma ya yawaita, kuma sau da yawa daga kemis ake sayo shi a ƙulle a leda, babu suna. A ganina na ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, wannan ɗabi'a tana iya jawo asarar rai.

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira DRESS, wato jikin yaro ya ƙi wani magani ƙwarai da gaske. Ba a cika samunsa ba, amma yana da haɗari. Yakan bayyana bayan sati 2 zuwa 8 da fara shan maganin, shi ya sa uwa ba ta kawo maganin a ranta. Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi, ƙuraje a duk jiki, kumburin fuska da kaluluwa. Yana iya taɓa hanta har ido ya yi rawaya, ko ya taɓa ƙoda. Magungunan da aka fi saninsu da shi sun haɗa da na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenobarbitone, da masu sinadarin salfa irin su Septrin.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna HHV-6, 'yar uwar wadda ke kawo ƙarambau, da aka gano a 1986. Yawancin yara suna kamuwa da ita kafin su cika shekara 2, sannan ta kwanta a jiki shiru. A 1998 likitocin Japan suka ba da rahoton cewa wannan ciwo yana iya tayar da ita. Idan ta farka, jinya takan yi tsawo, zazzaɓi ya dawo ko da an daina maganin, hanta kuma ta ƙara wahala.

Matsalar ita ce, da an ga ƙuraje sai a ce ƙyanda ce, a ɓoye yaro a ɗaki, a ci gaba da ba shi maganin da ke cutar da shi. 'Yar uwa, idan ɗanki yana shan magani sai zazzaɓi da ƙuraje suka fito, ki kawo shi asibiti a ranar, tare da duk abin da ya sha cikin wata 2. Idan na farfaɗiya ne, likita zai canza masa wani, kada a bar shi haka. Bayan sallama a riƙa dawowa ganin likita, domin ciwon suga ko na maƙoƙo kan iya biyo baya bayan watanni.

Ba cewa nake a guji magani ba. Fansidar da muke ba ku a wurin awo yana kare ki da abin da ke cikinki daga maleriya, haka ma maganin riga-kafin da ake raba wa yara da damina. Amma dukansu suna da salfa, don haka ki faɗa mana idan wani magani ya taɓa fito miki ko ɗanki da ƙuraje.

Maigida, idan ka je kemis, ka ce a rubuta maka sunan maganin, ka kuma ajiye kwalin tare da katin asibiti.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana zuri'a.