Wasiƙa a Buɗe ga Mafarauta: Kaska a Jikin Kare

Zuwa ga Sarakunan Baka da sauran mafarauta,

Kaskar da ta fi addabar kare ita ce ja-ja ɗin nan da masana ke kira Rhipicephalus sanguineus. Ba daji kaɗai take zama ba. Tana hayayyafa a cikin gida. Mace ɗaya, idan ta ƙoshi da jini, takan faɗo ƙasa ta shige tsagar bango ta zuba ƙwai dubbai. Shi ya sa wanda ya yi wa kare magani ya bar makwancinsa bai yi komai ba.

Ɓarnarta ta wuce shan jini. Tana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Babesia da Ehrlichia. Karen da ya kamu yakan yi zazzaɓi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, wani lokaci har da haɓo. Irin wannan kare asibitin dabbobi ya kamata a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Duk ranar da aka dawo daga dawa, a duba cikin kunnuwa, wuya, hammata, matse-matsi da tsakanin yatsu. Idan an ga kaska, a kama ta da matsefata dab da fata, a ja a miƙe a hankali, sannan a wanke wurin da sabulu. Kada a murtsuke ta da farce, domin wasu cututtukan kaska suna kama mutum. A jefa ta cikin wuta.

A guji shafa wa kare kananzir, baƙin mai ko fiya-fiya. Suna ƙona fata, kuma kare na iya mutuwa idan ya lashe su. Akwai magunguna na musamman: amitraz na wanka, fipronil da ake ɗigawa a ƙeya, da ƙwayar fluralaner mai aiki har mako 12. Likita ne zai auna gwargwadon nauyin kare, musamman kwikwiyo da mai ciki. Maganin da ke da permethrin kuwa guba ne ga kyanwa.

A riƙa share makwanci, a toshe tsagogin bango, a yanke ciyawar da ke kewaye, a kuma yi wa karnukan gida magani a tare, domin ɗaya da aka bari zai sake raba wa sauran.

Wassalam.